Girin kad ɗinka ya mutu a filin jirgi, amma yana raye a ofishin haraji

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Agege ne, shekarata 52. A 2012 na ci bizar ƙuri'a ta Amurka, na tafi da maiɗakina muka zauna a Baltimore, ina aiki a wani kamfanin ajiye kaya. Allah Ya ba mu 'ya'ya biyu a can, bayan ukun da nake da su daga aurena na fari, waɗanda ba su taɓa zuwa can ba. A 2021 mahaifinmu ya rasu, na dawo na karɓi harkarsa ta albasa a kasuwar Mile 12, kuma tun daga nan ban sake taka Amurka ba. Girin kad ɗinmu, wato katin izinin zama a Amurka, ya ƙare a 2022, yana nan cikin durowa. Takardar harajin 2021 ce ta ƙarshe da na cika musu. Ina da ƙaramin gida a Baltimore da 'yan haya a ciki, da kuɗin fansho na 401k da ba su wuce dala 70,000 ba, sai gidan da na gada a Agege da fili a Mowe. A majalisarmu wani ya ce in na kuskura na mayar da katin za su ƙwace sulusin dukiyata. Wani kuma ya ce tunda ya ƙare shi ke nan, in ja bakina in yi shiru. Wanne ne gaskiya?
Alhaji, daga Agege

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya jiƙan Baba, Ya albarkaci abin da ya bari.

Duka biyun ba su faɗi daidai ba, sai dai na biyun ne zai fi cutar da kai, don maganarsa ta fi daɗin ji. Da ita zan fara.

Amurka tana cikin ƙasashe ƙalilan, ita da Eritriya ake yawan ambata, da suke bin mutum da haraji ko ina yake zaune a duniya. 'Yan ƙasarta take bi, da masu girin kad. Ranar da aka buga a fuskar katin ta roba ce kawai. Matsayin da katin yake wakilta ba ya ƙarewa a idon hukumar harajinsu, IRS, sai in kai ka miƙa shi a rubuce, ko hukuma ko kotu ta yanke cewa ka rasa shi. Kamar mutumin da ya bar gida shekara biyar ne bai furta saki ba, bai rubuta takarda ba: ɗakin ya fi ƙarfinsa, amma igiya tana nan, ci da sha suna wuyansa. Yau in ka sauka filin jirginsu da wannan kati, jami'in shige da fice zai ce ka yi watsi da zamanka tuntuni, don wanda ya wuce shekara guda a waje ba tare da takardar izinin dawowa ba katinsa ba ya shigar da shi. Ita kuwa IRS har gobe mazaunin Amurka take ɗaukarka. Ribar kowace tirelar albasa da ta sauka daga Aliero, kuɗin hayar gidan Agege, duk doka ta ce ka bayyana su kowace shekara. Shekarun da mutum bai cika takarda ba kuwa ba su da wa'adin da za a ce an wuce wurin.

Na san abin da ke ranka: ina za su sani? Da ba ka da komai a can, da sai in ce wannan lissafi ne tsakaninka da zuciyarka. Amma gidanka da fanshonka suna cikin tafin hannunsu. In dillali ne yake karɓar maka haya, yana aika musu rahoton abin da ya biya ka. Ga kuma dokar FATCA ta 2010, wadda ta sa bankunanmu na nan suke tambaya a fom ɗin buɗe asusu ko mutum yana da alaƙar haraji da Amurka. Wannan layin da muke tsallakewa a gurguje ba don ado aka sa shi ba.

Shi kuma mai maganar sulusi ya ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da yake akwai, ya ƙara masa gishiri. Tun watan Yunin 2008 akwai harajin ficewa a sashe na 877A na dokar harajinsu. Yana shafar wanda ya ajiye zama ɗan ƙasa, da mai girin kad da ya riƙe shi a cikin shekaru 8 daga 15 na ƙarshe. Kai ka shiga tun 2019, kuma shekarun da ka yi a Legas ma ana ƙirga su. Ga masu karatu da ba su daɗe da karɓar katin ba, a kula da yadda ake ƙirgar: kwana ɗaya a cikin shekara, shekara ce cikakkiya. Wanda ya shiga a Disambar 2021, da zarar Janairun 2028 ta kama ya cika takwas, alhali zamansa shekara shida ne da 'yan kwanaki. Wanda ya miƙa katinsa kafin ta takwas, duk abin da zan faɗa nan gaba game da harajin ficewa bai shafe shi ba.

Cika shekara takwas ba ya nufin za ka biya. Yana nufin za a auna ka da ma'auni uku, in ɗaya ya kama ka sai ka shiga jerin waɗanda harajin ya hau kansu. Na farko, dukiyarka gaba ɗaya a duniya, bayan an cire basussuka, ta kai dala miliyan 2. A canjin 2025 wannan kusan naira biliyan uku ne, kuma kai da Hajiya kowa da nasa awon, ba haɗawa ake yi ba. Na biyu, harajin da kake biyan Amurka a shekara, in an daidaita na shekaru biyar, ya wuce dala 206,000 a alƙaluman 2025. Harajin fa, ba kuɗin shigar ba. Daga abin da ka lissafa, waɗannan biyun sun yi maka nisa.

Ko da mutum ya shiga jerin ma ba ƙwace ake yi ba. Ana ɗauka kamar ya sayar da duk abin da ya mallaka ana gobe zai fice, a lissafa ribar, a yafe dala 890,000 na farko a alƙaluman 2025, sai a sa haraji a kan abin da ya yi saura. Da dala ake lissafin, kuma a nan faɗuwar naira ta zame maka garkuwa. Misali, a ce gidan Agege ya kai naira miliyan 60 lokacin da ka gaje shi a 2021, dala tana wajen 400: dala 150,000 ke nan. A ce yau an taya shi miliyan 150, dala tana wajen 1,500: dala 100,000. Kai a Agege kana ganin gida ya ninka fiye da biyu, a takardarsu kuwa faɗuwa ka yi.

Ma'auni na uku shi ne naka. A fom 8854, wanda duk mai ficewa irinka yake cikawa, za ka yi rantsuwa cewa ka sauke duk nauyin harajin Amurka na shekaru biyar da suka gabaci shekarar ficewarka. Wanda ya kasa wannan rantsuwa, ko ya ƙi aika fom ɗin, ya shiga jerin ko da abin da ya mallaka bai wuce keke ba. Rashin aika fom ɗin kansa yana iya jawo tarar dala 10,000. Ke nan in ka tashi gobe da zafin nama ka aika musu katin ba tare da ka gyara shekarun 2022 zuwa yau ba, da hannunka ka rubuta sunanka a jerin da dukiyarka ba ta kai ta shigar da kai ba.

Za ka ce, to in ribata ba ta kai 890,000 ba, mene ne abin tsoro? Abu biyu ne. Ƙaramin shi ne fansho: wanda yake cikin jerin, duk abin da zai cira daga 401k ana yanke kashi 30 cikin 100 kafin ya iso hannunsa, kuma sai ya aika wa masu riƙe da asusun fom W-8CE cikin kwana 30, in ba haka ba a ɗauka ya kwashe kuɗin duka a rana ɗaya a caje shi a kai.

Babban shi ne gado, kuma shi ne ya sa na ɗauki wasiƙarka a wannan makon. Akwai sashe na 2801. Ya ce duk ɗan Amurka ko mazauninta da ya karɓi kyauta ko gado daga wanda yake cikin wancan jerin, shi mai karɓar zai biya kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura ɗan rangwamen shekara, wanda a 2025 dala 19,000 ne. Babu ruwan dokar da inda dukiyar take, babu ruwanta da ko bayan ka fice ka same ta, kuma tambarin ba ya gogewa da tsufa. An daɗe ba a fitar da ƙa'idojin aiwatar da sashen ba, har wasu suka ɗauka ya mutu. A Janairun 2025 aka kammala su.

Ka hango ranar, Allah Ya sa da nisa, da malamai za su zauna a zauren gidan Agege su raba abin da ka bari yadda shari'a ta tsara. 'Ya'ya biyar, kowa da rabonsa. Uku za su tashi da nasu cif. Biyun da aka haifa a Baltimore, ko da a Agege suka girma, ko da ba su san hanyar filin jirgi ba, 'yan Amurka ne a doka, kuma wata gwamnati tana bin su kusan rabin rabonsu. Ko dai su biya, ko su rayu suna ɓoye wa ƙasar da wataƙila a cikinta za su yi karatu da aiki. Malamin da ya raba gadon bai yi kuskure ba, 'yan'uwansu ba su zalunce su ba, takardar da mahaifinsu bai cika ba ce. In kuwa ka fice da tsabta, ba ka cikin jerin, abin da ke kansu kawai shi ne su sanar a fom 3520 idan abin da suka karɓa daga wajenka ya wuce dala 100,000 a shekara, kuma babu ko sisin haraji a kan wannan sanarwar.

Wannan fom 3520 ɗin kai ma ya hau kanka a 2021, in abin da ka gada daga Baba ya haura dala 100,000, tunda a lokacin mazaunin Amurka ne kai a doka. Ka faɗa wa duk wanda zai yi maka aikin tun a zaman farko, don tarar rashin aika shi tana iya kai kashi 25 cikin 100 na gadon.

Saboda haka gyara ne farko, miƙa kati daga baya. IRS tana da shirin da take kira Streamlined, na waɗanda suka bar cika takarda bisa rashin sani, ba da gangan ba. Mazaunin waje irinka, wanda ya yi aƙalla kwana 330 a wajen Amurka a ɗaya daga shekaru ukun baya, yana cika takardun haraji na shekara uku da rahoton asusun banki na shekara shida, ya biya abin da ake bin sa da kuɗin jinkiri, ba tare da tara ba. Rahoton asusun shi ne FBAR, kuma yana wajaba idan jimlar abin da ke asusunka na wajen Amurka ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara. Ɗan kasuwar da ake turo masa kuɗin tirela biyu ya wuce wannan layin tun kafin azahar. Shirin yana rufe shekara uku, fom 8854 yana neman biyar, don haka sai an cike gurbin da ya rage.

A nan sai ka yi wa kanka adalci. Za ka rubuta dalilinka bisa rantsuwa. Cewa ka ɗauka ƙarewar kati ta sallame ka hujja ce da hankali zai ɗauka, mutane da yawa sun faɗa wannan ramin. Amma hayar gidan Baltimore daban take: ko baƙon da bai taɓa riƙe girin kad ba, in yana karɓar haya a Amurka sai ya biya haraji a kai, kuma jihar Maryland ma tana da nata kason. Kai kuma ka shekara tara kana cika takarda a can. Wannan wurin lauyan haraji ya kamata ya fara ji kafin akanta, don abin da ka gaya wa lauya yana da kariyar sirri da na akanta ba shi da ita. Sannan daga ranar da ka karanta wannan amsa, “ban sani ba” ta fara tsufa.

Nawa za ka biya? Mai yiwuwa ƙasa da yadda kake tsoro. Ana yafe wa mazaunin waje harajin abin da ya samu da guminsa har dala 130,000 a 2025, kuma harajin kuɗin shiga da ka biya a Najeriya ana iya cire shi daga nasu. Inda zai ɗan ciji shi ne harajin mai sana'ar kansa, kashi 15.3 cikin 100 na riba, wanda waccan yafiyar ba ta taɓa shi, kuma babu yarjejeniyar fansho ko ta haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta ɗauke maka shi. In kuwa harkar albasar kamfani ce mai rajista a CAC, lissafin ya canza, ga kuma fom 5471 mai tarar dala 10,000 a kowace shekarar da aka tsallake.

Tunda na ambaci harajin gida: miƙa katin ba zai rage ko ƙara abin da Jihar Legas take bin ka ba. Mazaunin Legas ne kai, LIRS ce mai karɓar harajinka, kuma takardar shekara ana shigar da ita kafin ƙarshen Maris. Sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko, ta kai kashi 25 cikin 100 a kan abin da ya haura miliyan 50, kuma mazaunin Najeriya ana lissafa masa har abin da ya samu a waje, wato har hayar Baltimore. Rasiɗin LIRS ne Amurka za ta karɓa a matsayin hujja. Tikitin da ake yanka maka a bakin kasuwa da kuɗin ƙungiya, komai yawansu, ba harajin kuɗin shiga ba ne a wurinsu.

Gidan Baltimore yana buƙatar shawara kafin ka aika katin. In ka sayar bayan ka zama baƙo, mai saye zai riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikin gaba ɗaya ya tura wa IRS, sai daga baya ka bi sawun rarar. In ka bar shi har rai ya yi halinsa, baƙon da ba mazauni ba dala 60,000 kacal ake yafe wa magadansa a kan dukiyar da ke cikin Amurka, sauran harajinsa yana hawa har kashi 40, alhali ɗan ƙasa ana yafe masa sama da dala miliyan 13. Tunda ka tattara ka dawo gida da niyyar zama, wannan ƙaramar yafiyar tana iya kasancewa ita ce taka tun yanzu, da kati ko babu. Ra'ayina, in ba wani ɗanka ne zai zauna a ciki nan kusa ba, ka sayar kafin ficewa. Gidan haya da mai shi yake nesa da shi da tafiyar teku, rabin kuɗinsa a gyara da dillali yake ƙarewa.

Shin ma ya dace ka miƙa katin? Ni dai na ce eh. Bizar dawowar mazauni, SB-1, sai wanda ya nuna wani abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi a waje, kuma shekara biyar kana juya kasuwa da wuya ta shiga wannan layin. Kana ɗauke da nauyin katin ba ka cin moriyarsa. Sai dai ka shiga da ido biyu: an cire Najeriya daga bizar ƙuri'a tun zagayen 2015, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya, a Disamba kuma aka ƙara tsaurarawa. Ƙofar da ta rage maka ita ce 'ya'yanka: ɗan Amurka da ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa zama, kuma miƙa kati da kanka ba ya hana a sake nema. Fanshon tsufa na gwamnatin Amurka kuma, wanda ake samu bayan aikin kusan shekara goma, ka duba ko naka ya cika, don shekara tara tana bakin layi. In ya cika, baƙo ana yanke masa kashi 25.5 cikin 100 daga abin da ake turo masa.

Yaran biyu kada ka taɓa musu nasu. Uba ba ya iya ajiye wa ɗansa zama ɗan ƙasa, sai shi da kansa ya je gaban jami'i, a nan Legas a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Walter Carrington, ya yi rantsuwa. Kuɗin da aka sa a 2014 dala 2,350 ne, a 2023 aka fitar da shawarar mayar da shi 450, sai a duba farashin ranar. Abin da za ka yi musu shi ne ka sanar da su da wuri cewa fasfon yana tafe da takardar haraji. Boris Johnson, da aka haifa a New York ya bar ta yana yaro, sai da ya biya Amurka haraji a kan gidan da ya sayar a Landan lokacin yana magajin garin, daga baya ya ajiye fasfon a 2016. Doka tana da sassauci ga wanda aka haifa da ƙasa biyu kuma yake zaune a ɗayar, amma shi ma sai ya yi rantsuwar shekara biyar ɗin nan.

Miƙa katin kansa ba wuya: fom I-407 ne, kyauta, ana aika shi da katin ta gidan waya zuwa adireshin da hukumar shige da ficensu, USCIS, ta sa a umarninsa. Ka aika ta hanyar da za a ba ka shaidar isarwa, ka adana ta, don ranar ita ce ranar ficewarka. A shekarar da ta biyo baya za ka cika takardar ƙarshe mai kashi biyu, watannin da kake mazauni da waɗanda ka zama baƙo, ka haɗa da fom 8854. Hajiya ma duk wannan yana kanta, da nata I-407 da nata 8854, ko da ba ta da asusu ko sana'a.

Wanda zai yi maka aikin ya zama akanta mai lasisin Amurka, ko wakilin haraji mai rajista da IRS, ko lauyan haraji, kuma ka tambaye shi kai tsaye fom 8854 nawa ya taɓa cikawa. Ejan ɗin biza da yaron shagon intanet ba nasu ba ne. Kafin ka zauna da shi ka tara bayanan duk asusunka na banki daga shekara shida baya, da na Hajiya da na yaran in suna da su, takardun harajinka na 2017 zuwa 2021, lissafin hayar gidajen biyu, takardar rabon gadon Baba, da ƙiyasin darajar gidan Agege da filin Mowe daga ƙwararren mai kimanta kadara, ɗaya na 2021 ɗaya na yanzu. Littafin cinikin Mile 12 ma ka ɗauko shi ko da da biro aka rubuta, don da shi za a fitar da ribar kowace shekara.